Yadda Na Tsaya wa Wani Birkila Baƙo Daga Ƙasar Damagaram

Ranar wata Alhamis ce a farkon Nuwamban 2024, an gama yankan gero ana roron wake, kasuwar Maigatari ta tashi, motocin shanu suna ta wucewa kudu. Ina zaune a gidan bulona da ke bakin titin da ya taso daga Gumel, sai wani direba da muka daɗe da sanin juna ya tsaya, ya sauke mini wani mutum mai kimanin shekara 35 da buhu guda a kafaɗa. Ya ce ɗan ƙauyen matarsa ne daga ƙasar Dungas ta Jamhuriyar Nijar, birkila ne, aiki yake nema, sa'an nan ya ja motarsa ya tafi tun kafin in ce na karɓa ko ban karɓa ba. Baƙon ya durƙusa ya gaishe ni, na sa aka kawo masa ruwa da fura, na ba shi tabarma a zaure, ban tambaye shi komai game da sana'a ba sai da gari ya waye.

Da safe na ce ya zazzage buhun nasa, domin ni na fi yarda da kayan aikin mutum a kan bakinsa. Akwai cokalin gini wanda bakinsa ya cinye ta gefe guda saboda daɗewa a hannu, da igiya a naɗe tsaf, da ma'aunin ruwa wanda ya nannaɗe cikin tsohon rawani don kada gilashinsa ya fashe, da tef, da abin yankan tayil na hannu. Wanda ya ari kayan wani don ya yi burga ba ya naɗe ma'auni haka. Ya gaya mini cewa shekararsa goma sha biyu yana gini, bakwai a Damagaram a ƙarƙashin maigida guda, biyar kuma a Libiya, inda ya koyi shimfiɗa tayil. Abin da ya ba ni mamaki shi ne cewa ya riga ya ci rani sau biyu a Kano, kuma duka biyun da kwanon sarki a ka ya ƙare su, yana ɗaukar wa birkilolin da ba su kai shi ba kwaɓi. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, “Baba, duk inda na ce ni birkila ne, sai a ce wa ya san ni. Lebura ba a tambayarsa wanda ya san shi.”

Wannan magana ita ce dukan matsalar, kuma na gane ta tun kafin ya rufe baki. Mai gini ba ya jin tsoron ba baƙo shebur, domin idan ya gudu ba a yi asarar komai ba sai ladan yini. Amma wanda za a danƙa wa siminti buhu hamsin da rodi da kuɗin kafin alƙalami, dole a san ƙofar da za a buga idan katanga ta karkace ko mutum ya ɓace. Ɗan gari yana da gidan ubansa, yana da surukai, yana da gonar da ba za ta gudu ba. Baƙo ba shi da ko ɗaya, saboda haka sai ya ari sunan wani. Na kwana biyu ina juya maganar a raina, domin sunan da zai ara nawa ne, kuma shekara arba'in na yi ina gina shi.

Abin da ya sa na yarda yana da tushe. A 1982 na fara lebura a Kano a hannun wani birkila mutumin Gana, wanda shi ne ya fara ɗora mini cokali a hannu. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama makonni biyu su bar ƙasar, maigidan nawa kuwa, duk da shekarun da ya yi yana gina wa manyan mutane gidaje, ba shi da ko takarda guda. Ya tafi ya bar kuɗinsa a hannun mutum uku, kuma babu wanda ya biya shi. Tun daga lokacin na ƙudura cewa idan Allah ya sa na riƙe baƙo, ba zan riƙe shi da fatar baki kawai ba.

Rana ta uku na kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya raka mu gidan dagaci. Na faɗi sunansa da sunan ubansa da garinsu, na ce a zaurena yake kwana, kuma duk abin da ya taso a kansa ni za a nema. Dagaci ya yi masa 'yan tambayoyi game da dangi, sai ga shi an gano cewa wata gwaggonsa ta taɓa aure a wani ƙauye da ke ƙarƙashin hakiminmu. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar Gumel, inda tsohuwar hedikwatar masarautar kanta, wato Tumbi, yanzu tana cikin Nijar. Amma sanin gwaggo bai hana magatakarda rubuta sunansa a littafi ba, kuma na ji daɗin hakan.

Daga nan sai takardun hukuma, kuma a nan ne muka fi ɓata lokaci. Yana da fasfo na Nijar mai tambarin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda shi yake kira Sedeyawo, tun zamansa na Libiya, kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Sai dai da na buɗe shi ban ga hatimin shigowa ba, domin a bayan motar shanu ya tsallako, kamar yadda dubban mutane suke yi ranar kasuwa ba tare da sun ɗauki abin a bakin komai ba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, amma da sharaɗin ya shigo ta ƙofa da takardar tafiya mai inganci, kuma daga ranar hatimi ake fara ƙirga. Wanda ba shi da hatimi ba shi da ranar shigowa, wanda kuwa ba shi da ranar shigowa ba zai iya nuna cewa bai wuce wa'adi ba. Saboda haka na ce ya koma gida yadda ya zo, ya kwana biyu da iyalinsa, ya sake shigowa ta ofishin shige da fice na Maigatari. Ya ga abin kamar wauta ne, mutum ya koma baya don ya sake zuwa inda ya riga ya zo, amma bai yi mini musu ba. Na tarye shi a bakin iyaka da babur, na duba hatimin da idona kafin mu taho.

A hanyarmu ta dawowa muka tsaya shan shayi, wani ɗan kamasho da ya ji hirarmu ya matso ya ce muna wahalar da kanmu a banza. A cewarsa, mutumin da yake jin Hausa kamar kowa, ga shi da kamannin mutanenmu, me zai hana a samo masa takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, a ce a ƙauyenmu aka haife shi, shi ke nan an huta. Ya faɗi kuɗin da zai karɓa, kuma bai kai abin da muka kashe a kan hanyar gaskiya ba. Na ga idon baƙona ya ɗan yi haske, na ce masa, “Ɗana, idan ka karɓi wannan takarda, duk wanda ya san asirinka ya zama ubangidanka har ka mutu, ni kuma da na kai ka gaban dagaci na ce daga Dungas kake, na zama maƙaryaci.” Muka biya kuɗin shayinmu muka tashi.

Wanda zai wuce kwana 90 yana aiki sai ya nemi katin izinin zama na 'yan ECOWAS a Hukumar Shige da Fice, wadda ofishinta na jiha yake Dutse. Tun 2019 ma an fara rajistar baƙin da za su daɗe a ƙasar ta hanyar kwamfuta, ana ɗaukar hotonsu da zanen yatsunsu. A watan Disamba muka je da fasfonsa da ƙananan hotuna da kuɗin da hukuma ta yanka, da kuma wasiƙar da ni na sa wa hannu, wadda a cikinta na bayyana cewa a ƙarƙashina yake aiki kuma na ɗauki nauyinsa a gaban hukuma. Wani malamin sakandare ne ya rubuta mini ita da Turanci, na sa ya karanta mini fassararta sau biyu kafin in ɗora alƙalami, domin maganar da na faɗa a zauren dagaci yanzu ta koma rubutu mai hatimi. Zuwa biyu muka yi, na farko hotunan da muka kai ba su yi daidai da girman da ake so ba, laifinmu ne da ba mu tambaya ba tun daga gida. Aka ba mu rasit da takardar shaidar cewa ya nema, na sa aka yi mata kwafi uku, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a akwatina, ɗaya wurin magatakardan dagaci.

Duk wannan lokaci ban bar shi ya zauna ba, kuma ban kai shi ginin kowa ba. Ina da wani ɗakin ajiye siminti da na daɗe ina son ƙarawa a gidan bulo, sai na ce ya fitar mini da tushe ya ɗaga kusurwa guda har sahu bakwai, ni kuwa na koma gefe na zauna kamar ba ruwana. Na ga ya kafa turaku ya ja igiya, ya auna santimita 60 a gefe guda, 80 a ɗaya gefen, ya nemi 100 a tsakaninsu. Na yi dariya a raina, domin dabarar da Baganan nan ya koya mini ce, sai dai mu da ƙafa uku da huɗu da biyar muke yin ta. Da ya gama na ɗora ma'aunina, ba nasa ba, a kowace fuska, na kuma sa ido a layin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo, na tarar kaurinsa ɗaya ne daga ƙasa har sama. Bai zubar da kwaɓi a ƙasa ba, kuma da la'asar ba tare da na ce masa komai ba ya ɗebo ruwa ya jiƙa ginin, saboda hunturu ya fara kuma iskarsa tana shanye ruwan siminti kafin ya kama. A ranar na daina shakkar hannunsa.

Inda aka sami gyara shi ne lissafi, kuma da ban gwada shi a nan ba da ya ji kunya a gaban mutane. Na ba shi tsawo da faɗin wata katanga da ta kai murabba'in mita 80, na ce ya faɗa mini yawan bulon da za ta ci, nan take ya ce 1,000. Amsar da ta dace da bulonmu ita ce 800. Ba kuskure ya yi ba, bulon da ya saba da shi a can tsawonsa santimita 40 ne, tsayinsa 20, saboda haka goma sha biyu da rabi ne suke cika murabba'in mita guda. Namu kuwa, na inci 9 da na inci 6, tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa inci 9, goma ne suke cika wannan fili. Da ya faɗi wannan adadi a gaban mai gini, wani birkila ɗan gari ya zo ya faɗi nasa, da ba za a ce awo ne ya bambanta ba, cewa za a yi baƙo ya so ya saci bulo ɗari biyu. Haka kuma a nan ba wanda zai ce masa ɗaki mita uku da santimita 66, ɗaki sha biyu sha biyu za a ce, wato ƙafa goma sha biyu kowane gefe. Na saya masa tef mai inci a gefe guda da santimita a ɗayan, muka yi mako guda kullum bayan sallar isha'i ina jefa masa awo yana juyawa. A wajen kwaɓin kankare kuwa mun tarar bakinmu ɗaya: shi ya saba da buhun siminti guda, baro guda na yashi, baro biyu na tsakuwa, mu kuma muna cewa kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, kuma idan aka zuba kusan duk ɗaya ne.

Sauran magina ne suka rage, kuma na san ba za su yi murna ba. Ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta magina a gundumar, saboda haka na kai maganar zaman da muke yi a ƙofar gidan sarkin magina. Wani matashi ya miƙe ya ce baƙi su ne suke karya farashi, domin mutumin da yake kwana a zaure yana cin garin kwaki zai karɓi abin da mai iyali ba zai karɓa ba. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa, kuma na sha ganin hakan. Amma na ce musu su tuna cewa duk wanda ya gina gida a yankin nan ya kai ga tayil, daga Kano ko Haɗeja yake ɗauko mai yi, ya biya masa mota da abinci da wurin kwana, kuma a birane ma mutanen Togo da Benin ne suka yi suna a wannan aiki da na silin. A cikinmu mutum biyu ne kawai suke taɓa tayil, su ma sun san iyakarsu. Sarkin magina ya yanke cewa baƙon zai shiga ƙungiya ya biya kuɗin wata kamar kowa, ba zai karɓi aikin bulo ƙasa da farashin da muka tsayar ba, kuma duk aikin tayil da ya samu zai ɗauki yaro ɗan gari guda ya koya masa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya kashe wutar, har matashin da ya yi ƙorafi ya ce a fara da ƙanensa.

Baƙon shi da kansa burinsa ya fi haka. Ya ji labarin aikin layin dogo da aka fara a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, yana so in kai shi can. Na gaya masa cewa babban kamfani ba ya jin “na san shi”, takarda yake karantawa, kuma ko an ɗauke shi a yadda yake a lokacin, a layin leburori za a sa shi. Gara ya fara tara ayyukan da za a iya zuwa a gani da ido.

Aikinsa na farko na tayil ne, na wani Alhaji dillalin shanu, dattijo, wanda ya gina wa ɗansa ɗakuna uku da falo zai yi aure. A wajen ciniki aka yi abin da har yau idan na tuna sai in yi dariya. Alhaji ya zagaya da mu, ya ce, “Yaro, jaka ɗari biyar zan ba ka, ka sallama?” Baƙona ya yi wuf ya ce ya sallama, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Na ce su dakata. A bakin dattawanmu jaka naira 200 ce, tun zamanin da take fam ɗari, saboda haka Alhaji naira 100,000 yake nufi. A Nijar kuwa jaka dubu ce, shi ya sa baƙon ya ji naira 500,000. Da an fara aiki a kan wannan sallama, da kowannensu zai rantse da Alƙur'ani cewa ɗayan ne ya ci amana, kuma duka biyun da gaskiyarsu. Na ce, “Alhaji, a yi haƙuri a bar maganar jaka, a auna ƙasa.” Muka auna muka sami murabba'in mita 90, aka daidaita a kan naira 1,500 kowane guda, jimla 135,000, kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, sauran idan an gama an duba. Na rubuta a littafina da boko, limamin unguwar ya rubuta da ajami, kowa ya sa hannu. Ya yi aikin cikin kwana goma sha ɗaya tare da yaron da aka ba shi. Ranar dubawa Alhaji ya bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sandarsa, yana sauraron inda zai ji amon rami a ƙasa, bai ji ba. Mata da suka zo jere suka kai labarin ƙauyuka uku.

Kuɗin ma sai da aka yi musu dabara. Ba a yin rajistar layin waya a Najeriya sai da lambar NIN, asusun banki ma haka, shi kuwa ba zai sami lambar ba sai ya nuna cewa zamansa halastacce ne, domin ana ba baƙo mai izinin zama ita, kuma samun ta ba ya mai da mutum ɗan ƙasa. Kafin nan duk wanda ya biya shi ta waya asusuna yake turowa, ni kuma in ciro a wurin mai POS in ba shi a gaban shaida, mu rubuta. Ban so wannan tsari ba ko kaɗan, domin kuɗin wani a asusunka fitina ne ko da zuciyarka tsarkakakkiya ce, kuma na san leburorin da suka yi asarar cin ranin shekara guda ta wannan hanya. Ga kuma canji, wanda yake ci masa rai duk ranar kasuwa: tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, a lokacin jaka guda ta sefa ta haura naira 2,000, saboda haka abin da yake da auki a nan yakan ƙanƙance idan ya tsallaka iyaka. Na ba shi shawara ya riƙa aika wa gida kaya maimakon kuɗi a duk lokacin da hakan ya fi riba, shi kuwa ya fi ni sanin wane kaya ne.

Kuskurena ya zo a aiki na uku. Wani ƙaramin ɗan kwangila da na sani tun yana yaro ya sami aikin gyaran wasu ɗakuna, ya ce in ba shi baƙon nawa ya yi masa filasta da tayil. Saboda sanayya ban rubuta komai ba, ni da na tsare Alhaji da alƙalami. Aka yi mako uku ana aiki, kuma a cikin waɗannan makonni ne, ranar 29 ga Janairun 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Da aka gama, ɗan kwangilar ya fara yau da gobe, da baƙon ya matsa masa sai ya ce masa ƙasarsu ta fita daga ƙungiyar, yanzu shi baƙon haure ne, idan ya sake zuwa masa ƙofar gida zai kira masa jami'an shige da fice. Ya dawo mini da dare jikinsa yana rawa, ya riga ya ɗaure buhunsa, yana cewa gara ya bar kuɗin ya tsira da mutuncinsa. Na ga Baganan nan na 1983 a tsaye a gabana.

Na ce ya kwance buhun. Na riga na ji a rediyo cewa a ranar da ficewar ta tabbata ECOWAS ta ba da sanarwar a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, a kuma bar su da damar shiga da zama ba tare da biza ba har sai an sanar da wani sabon tsari. Duk da haka ban tsaya a kan rediyo ba, washegari na ɗauke shi muka je Maigatari muka tambayi jami'an da bakinmu, suka duba hatiminsa da takardarsa ta Dutse suka ce ya koma bakin aikinsa. Daga can gidan dagaci muka wuce. Aka kira ɗan kwangilar, magatakarda ya buɗe littafi ya nuna ranar da aka gabatar da baƙon, ya fito da kwafin takardar. Dagaci ya ce masa idan yana son kiran jami'ai ga waya nan ya kira, a jira su tare. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, ɓacin rai ne.” Sai dai da aka zo kan adadin kuɗin, ya faɗi abin da bai kai yadda aka yi da baki ba, kuma ba mu da rubutu, shaidarmu guda ce, yaron da yake koyon aiki, wanda ake ganin ɗan ɗakin mai ƙara ne. Aka yi sulhu a kan kashi biyu cikin uku, a biya sau biyu. Ragowar ni na cika masa daga aljihuna, ya ƙi karɓa har sai da na ce masa ba kyauta ba ce, ni na kai shi, ni kuma na bar alƙalami a gida.

Bayan katinsa ya fito ya sami lambar NIN, ya yi layin waya da asusu da sunansa, na rufe shafinsa na ajiya a littafina muka sa hannu mu biyu. Sa'an nan muka haɗa abin da nake kira jakar shaidarsa. A ciki akwai takardar da maigidansa na Damagaram ya rubuta masa da Faransanci, wadda wani malamin Faransanci a Gumel ya fassara ya sa hannu, da wasiƙar ƙungiyarmu mai hatimin sarkin magina, da hotunan kowane aiki da ya yi tun daga tushe har gamawa, da lambobin wayar masu gidajen bayan mun nemi izininsu. A watan Afrilu wani injiniya da yake sayen bulo a wurina ya ce yana neman mai tayil a wani gini mai hawa biyu a Dutse. Ya tambaya ko baƙon nawa yana da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake bayarwa daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, na ce ba shi da ita, amma ga abin da yake da shi. Injiniyan ya kira Alhaji dillali a gabana, Alhaji ya riƙe shi a waya kusan minti goma yana ba shi labarin sanda. Injiniyan ya ba baƙon banɗaki guda ya gwada shi yini ɗaya, domin a banɗaki ne ake gane mai tayil, wurin karkata ƙasa yadda ruwa zai bi ya tafi ba ya kwanta ba. Da yamma aka watsa bokiti guda, ruwan ya tafi inda aka ce ya tafi. A matsayin birkila aka rubuta sunansa, da leburori biyu a ƙarƙashinsa.

Da ruwan shuka ya sauka a watan Yuni ya zo ya yi mini sallama zai koma gona. Ya bar abin yankan tayil a hannun yaron da ya koya wa aiki, wanda yanzu yana iya gama ɗaki shi kaɗai idan ba mai lungu da yawa ba ne, ma'auninsa kuwa ya naɗe shi cikin rawanin nan ya ba ni ajiya. A bakin mota ya ce, “Baba, akwai ɗan yayata, kafinta ne, yana bugun kwano da kyau, idan an yi kaka ina so in zo da shi.” Na ce ya fara sa shi ya nemi fasfo tun yanzu, su shigo ta ofishin Maigatari, ba ranar Alhamis ba saboda cunkoso, kuma ya taho da zartonsa da gudumarsa in gani. Rufin ɗakin simintin nan da muka ɗaga har yanzu ban buga shi ba, na bar masa shi.